Sarkin Kabi Sama'ila: Jarumin da ya karɓi Turawa

Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, shi ne Sarkin Kabin Argungu daga 1883 zuwa 1915, kuma a zamaninsa ne Turawan Ingila suka mamaye ƙasar Hausa.

Ya tashi ne a gidan da yaƙi ya zama gado. A shekarar 1805 dakarun jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi. Kakansa, Karari, ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi a 1831. Mahaifinsa kuwa, Yakubu Nabame, ya shafe shekaru a hannun mahukuntan Sakkwato, kafin ya yi tawaye a 1849, ya kafa mulkinsa a Argungu.

Da Sama'ila ya hau gadon sarauta, sai ya zafafa hare-hare a kan ƙasashen Gwandu da Sakkwato, inda ya ƙone garuruwa da dama. Daga baya, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake kira Ɗanyen Kasko, ya tara gagarumar runduna har da mayaƙan Kano domin murƙushe Argungu, amma Kabawa suka fatattake su.

Sai dai kuma da Turawa suka iso, Sama'ila bai zare musu takobi ba. Ya ga cewa ƙawance da su zai kare Argungu daga tsofaffin abokan gabarta, don haka ya amince suka girke sojoji a garin. Wani ɓangare na dakarun da suka ci Sakkwato ranar 15 ga watan Maris, 1903, daga Argungu ya taso.

Wannan zaɓi ya tsirar da sarautarsa, domin Turawa sun bar Argungu a matsayin masarauta mai zaman kanta, ba ƙarƙashin Gwandu ba. Amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ƙasashen Arewa da Dendi, inda wani sashensu ya faɗa hannun Faransawa a ƙasar da ta zama Nijar. Sarkin da ya gagari Sakkwato ya koma ƙarƙashin Razdan.

Ya rasu a 1915. Sai a 1934 ne Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, abin da ya zama mafarin bikin kamun kifin garin.