Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Makaɗin Sarakuna

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo wajejen shekarar 1907 a ƙasar Bakura, cikin Lardin Sakkwato na da, watau Jihar Zamfara ta yanzu. Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne wanda daga baya ya zama makaɗin Sarkin Kayan Maradun. Tun Musa yana ƙaramin yaro yake bin mahaifin nasa yawon kiɗa yana yi masa amshi. Akwai wani mai zaƙin murya a cikin 'yan amshin da ake kira Ƙwairo. Da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan rasuwar mahaifinsu, wansa Abdu Kurna ne ya gaji shugabancin kiɗan gidan, shi kuwa Musa aka ba shi Daudun Kiɗi, watau mataimaki. Ya yi shekaru masu yawa a bayan wansa, ga shi da murya da fasaha, amma bai yi gaggawar ɓallewa ba. A wannan zama ne ya ƙware wajen sanin tarihin gidajen sarauta da yadda ake jera kirari, zuga da habaici, abubuwan da makaɗin fada ba ya cin abinci sai da su.

Tauraronsa ya haska sosai a zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi wa waƙar nan da aka fi sani da Mai Dubun Nasara. Kisan Sardauna cikin watan Janairu na 1966 ya raba shi da babban ubangida, amma bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙoƙi, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, da wasu manya da dama.

Wanda duk ya saurari faifansa da kyau zai lura ba shi kaɗai ke ɗauke da waƙar ba. Ba a tsaye yake ƙirƙira ba, kamar yadda aka san Mamman Shata da yi. Shi da mutanensa sukan zauna su tsara waƙa, su maimaita ta har ta zauna kafin a kai ta gaban sarki. In ya ɗauko baiti, 'yan amshi su karɓe, su ƙara nasu, su miƙo masa, ga kotso yana tafe da su. Daɗin waƙarsa daga wannan haɗin baki yake.

Allah ya yi masa rasuwa cikin 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan. Allah ya jiƙansa, amin.