Tarihin Kalistus, Bawan da Ya Zama Bishop na Roma

A wannan mako za mu duba tarihin Kalistus, wanda ya shugabanci ikilisiyar birnin Roma daga shekara ta 217 zuwa 222 bayan haihuwar Almasihu. Shekara biyar kaɗai ya yi a kan kujerar, amma hukuncin da ya yanke a kan auren bayi da 'ya'yan manya ya isa mu tsaya mu yi tunani. Yawancin labarinsa daga bakin abokin gābansa Hippolitus muka samo shi, saboda haka ba labarin yabo ba ne.

Kalistus ya tashi bawa a gidan wani mai bi, Karpoforus, ma'aikaci a fādar sarki Kommodus. Ubangidansa ya ba shi jari ya buɗe wurin ajiyar kuɗi, masu bi da gwauraye suka riƙa kawo abin hannunsu domin sun amince da sunan gidan. Kwanci tashi kuɗin suka salwanta. Tsoro ya kama Kalistus, ya gudu bakin teku ya shiga jirgin ruwa, da ya hango ubangidansa tafe sai ya faɗa cikin ruwa. Aka tsamo shi, aka komo da shi Roma, aka sa shi juya dutsen niƙa, aikin da akan hori bayi masu laifi da shi.

Masu binsa bashi suka roƙa aka sake shi, ko ya samo musu wani abu. Ya je majami'ar Yahudawa ran Asabar, rigima ta tashi, aka kai shi gaban hakimin birni da ƙarar cewa shi Kirista ne. Aka yi masa bulala, aka tura shi haƙar ma'adinai a tsibirin Sardiniya, inda mutane da yawa ba su komowa. Sai Allah ya buɗe hanya ta hannun Marsiya, ƙwarƙwarar sarki, wadda take tausayin masu bi. Ta karɓi sunayen Kiristocin da ke tsare daga wurin Bishop Biktor, ta samo musu 'yanci. Babu sunan Kalistus a takardar, amma ya yi ta roƙo har aka sake shi tare da sauran. Biktor ya aika da shi garin Antiyum, ikilisiya tana ba shi ɗan abin masarufi kowane wata.

Da Zefirinus ya gāji Biktor wajen shekara ta 199, ya kira Kalistus Roma, ya naɗa shi dikon, ya danƙa masa kula da makabartar masu bi ta ƙarƙashin ƙasa a hanyar Appiya. Mutumin da kuɗin gwauraye suka ɓace a hannunsa shi aka sake ba amana, ya kuwa riƙe ta, har makabartar take amsa sunansa. Da Zefirinus ya rasu a 217, aka zaɓe shi bishop. Hippolitus, malami mai zurfin ilimi, bai yarda ba, ya ware da mabiyansa.

A nan ne maganar aure ta taso. A dokar Roma bawa ba shi da aure. Ko ya zauna da mace shekara talatin, doka ba ta san su miji da mata ba. Tun zamanin sarki Augustus aka hana 'yan majalisar dattawa da zuriyarsu auren bayin da aka 'yanta. A shekara ta 52 kuma aka yi doka cewa 'yantacciyar mace da ta nace wa zama da bawan wani ba da yardar ubangidansa ba, ita ma tana iya zama baiwa. 'Yar babban gida kuwa, in ta auri wanda bai kai ta ba, ta rasa darajar gidansu.

Ga shi kuma bishara ta fi shiga cikin matan manyan gidaje fiye da mazansu. Maza masu bi yawancinsu bayi ne da 'yantattu da masu sana'ar hannu, da yawa kuma baƙi ne daga ƙasar Girka da Suriya da Afirka. Budurwa mai bi daga gidan sarauta tana tsaka mai wuya: ko ta auri mai bautar gumaka domin ajinsu ɗaya, ko ta zauna ba aure, ko ta zaɓi ɗan'uwa cikin bangaskiya ta zama abin zunɗe.

Kalistus ya ce irin wannan mace tana iya ɗaukar miji ɗaya, bawa ne ko ɗa, ikilisiya kuma za ta ɗauke shi mijinta na gaskiya ko da dokar ƙasa ba ta amince ba. Ba shi da ikon sauya dokar sarki, amma yana da ikon faɗin wanda zai zauna a teburin Ubangiji ba tare da kunya ba, da wannan ikon ya yi aiki. Ya san koyarwar manzo Bulus a Galatiyawa 3:28 da wasiƙarsa zuwa ga Filimon, ya kuma san nauyin sarƙa a jikinsa.

Hippolitus ya yi masa ca. Ya zarge shi da buɗe ƙofar lalata, har ya ce waɗansu matan suna zubar da ciki domin kada danginsu su ji sun haihu da bawa. Wannan zargi mai nauyi ne, yana kuma nuna mana cewa albarkar bishop kaɗai ba ta kawar da tsoron dangi. Sai jama'ar masu bi sun tsaya kusa da ma'auratan bayan ranar biki. Haka kuma ya soki Kalistus saboda karɓar mazinata da suka tuba su komo cikin zumunta. Wanda aka tsamo daga teku da ramin haƙa bai ga dalilin rufe wa mai tuba ƙofa ba.

Kalistus ya rasu a shekara ta 222. Ikilisiya tun dā tana lissafta shi cikin shahidai, al'ada kuma ta ce jefa shi aka yi cikin rijiya. An binne shi a hanyar Aureliya, aka gano kabarinsa a 1960. Ikilisiyar Katolika tana tunawa da shi ran 14 ga Oktoba. Hippolitus kuwa, a 235 aka kore shi zuwa Sardiniya ɗin nan, inda ya mutu bayan ya sulhunta da ikilisiya.

'Yan'uwa, mu ma mun san wannan ciwo. Saurayi da budurwa za su yi baftisma a ruwa ɗaya, su yi shekaru suna waƙa a ƙungiya ɗaya, amma ran da maganar aure ta fito sai a fara tonon asali: wace ƙabila ce, kakansa maƙeri ne ko bawa, ubanta me yake da shi. Wani lokaci a tsawwala kuɗin aure domin a kore shi cikin dabara. Da yawa daga cikin yaran nan sukan gudu wani gari su zauna ba albarkar kowa, mu kuma mu hana su jibi.

Bari dattawan ikilisiya su raka saurayin da ba shi da gata zuwa gidan surukai, su tsaya masa a matsayin iyaye. Bari zumuntar mata ta riƙe amaryar da ta zo daga wani yare, ta koya mata gari, ta leƙa ta ran haihuwa. Fastoci kuma su zauna da iyayen da suka ƙi, cikin ladabi da haƙuri, gama girmama iyaye umarni ne. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.