Enrico Fermi (1901–1954)

An haifi Enrico Fermi a birnin Rum na ƙasar Italiya ranar 29 ga Satumba, 1901. Ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks a Jami'ar Pisa a shekarar 1922.

A 1927, shi da Baturen Ingila Llewellyn Thomas, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da hanyar lissafa makamashin atom ta duba cunkoson ilaktoron ɗinsa baki ɗaya, maimakon bin su ɗai-ɗai. Sai dai hanyar tana da aibi. Ilaktoron suna tunkuɗar juna, amma lissafin yakan haɗa kowanne cikin taron da ke tunkuɗarsa, wato ya zama yana tunkuɗar kansa. Ko atom ɗin haidurojin, mai ilaktoron ɗaya tilo, bai tsira daga wannan kuskure ba. A 1934 Fermi da almajirinsa Edoardo Amaldi suka kawo gyara ta hanyar cire kason ilaktoron guda daga jimlar tunkuɗar.

Ya karɓi kyautar Nobel a 1938, daga nan ya zarce Amurka da iyalinsa, domin dokokin wariya na Italiya sun shafi matarsa Laura, wadda Bayahudiya ce. A Chicago ya jagoranci gina tukunyar nukiliya ta farko a 1942. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 28 ga Nuwamba, 1954.

John Perdew da Alex Zunger sun kyautata gyaran nan a 1981, amma har yau masu lissafin sinadarai ba su gama kawar da kuskuren ba.