Shehu Alimi Na Ilori

Shehu Alimi, wanda sunansa na yanka Salihu, Bafillace ne, malami mai yawan ɗalibai. Ya baro arewa ya shiga ƙasar Yarbawa, yana bin garuruwa yana karantarwa yana wa'azi.

A zamanin nan Afonja ke riƙe da Ilori. Shi ne babban sarkin yaƙin Alafin na Oyo, amma ya yi wa ubangidansa tawaye. A shekarar 1817 ya jawo Alimi jikinsa, don ya sami ƙarfi da addu'arsa da mutanensa. Da labari ya bazu sai bayi Hausawa suka yi ta gudowa daga Oyo, Fulani da Yarbawa Musulmi kuma suka taru, har jama'ar malam ta rinjayi ta mai gari.

Alimi bai ci sarauta ba, yana malaminsa ajali ya same shi wajen 1823. Bayansa jama'a suka ɓata da Afonja, suka kashe shi. Ɗan Alimi, Abdussalami, ya zama Sarkin Ilori na farko, ya yi mubaya'a ga Gwandu. Ta haka Ilori ta zama iyakar daular Usmaniyya ta kudu maso yamma. Ƙanensa Shitta ya gaje shi, daga zuriyar su biyu kuwa sarakunan Ilori suka fito.

Alamar taron da Alimi ya yi tana ga sarakunan yaƙin garin guda huɗu, masu sarautar Balogun: na Gambari, watau Hausawa, da na Fulani, da Ajikobi da Alanamu na Yarbawa. Allah ya jiƙansa, amin.