Marie Nyswander

Marie Nyswander (13 ga Maris, 1919 – 20 ga Afrilu, 1986) likitar masu taɓin hankali ce 'yar Amurka, haifaffiyar garin Reno. Ta kammala karatun likitanci a Jami'ar Cornell a 1944, sannan ta yi aiki a asibitin masu shaye-shaye na Lexington.

A 1964 ita da Vincent Dole suka fara gwada maganin methadone a kan masu jarabar heroin a New York. Matsayinsu shi ne jarabar cuta ce da ke sauya aikin jiki, ba raunin hali kawai ba. Methadone yana kama gurbin da heroin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, amma aikinsa ya fi daɗewa, don haka shan sa sau ɗaya a rana kan kwantar da sha'awar ƙwayar. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna.