Likita Mila: Mutumin da Bai Fid da Zuciya Ba

'Yan'uwa, da yawa cikinku sun yi aiki a ma'aikatun Bompai da Sharada da Challawa, har ran da aka rufe ƙofa aka sallame su. Domin irinku na ke so in ba da labarin wani bawan Allah wanda shi ma aka taɓa rufe masa ƙofar Kano.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa su ke kira Likita Mila, a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a London, amma zuciyarsa tana kan ƙasar Hausa. Ya fara zuwa Tarabulus, inda ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai.

Cikin 1900 su biyar suka tashi daga Ikko, Bishop Tugwell na C.M.S. yana shugabansu. Suka yi wata da watanni a hanya kafin su ga ganuwar Kano. Sarki Alu kuwa bai yarda su zauna ba, ya umarce su su fita cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, kudu da Zariya. A can ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, ciwo kuma ya mai da wani gida, bukkokinsu suka ƙone. Kowa ya dubi tafiyan nan sai ya ce an yi wahalar banza.

Likita Mila bai ce haka ba. Ya komo, cikin 1905 kuwa ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Shekaru suna wucewa, masu ba da gaskiya ba su fi a ƙidaya da yatsu ba, shi kuwa yana ta aikin juya Maganar Allah zuwa Hausa, aya bayan aya.

Cikin 1913 farin ciki ya zo. Waɗansu daga cikin Isawa, almajiran wani malami da aka kashe a Kano tun dā saboda koyarwarsa a kan Isa, suka nemi Likita. Da yawa suka karɓi bishara, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Amma ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, sauran suka watse. Ku duba nauyin wannan a zuciyar mutumin da ya jira su shekara goma sha uku! Duk da haka ya tattara yaran da suka ragu, ya ci gaba da koya musu a Zariya.

Cikin 1929 aka mai da aikin zuwa Wusasa, bayan ganuwa. Makarantan nan tasa ita ta fid da Likita Dikko, wanda ya fara zama likita cikin 'yan Arewa. Cikin 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da ya yi tare da malamai Hausawa da waɗansu masu bishara. Shekara 32 ke nan tun ran da aka fid da shi daga Kano. Daga baya ya zo ya zauna a Kanon nan. Ya rasu a Bukuru cikin 1952.

Manzo Bulus ya koya mana cikin Romawa sura 5 cewa ta hanyar wahala Allah ya ke gina haƙuri a cikinmu, daga nan kuma bege ya ke tsirowa. Likita Mila bai san ranar girbi ba, amma kowace safiya ya kama aikin da ke gabansa. Kai da ke zaune ba aiki, ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, kada ka bar addu'a, kada ka bar taron masu bi, kada kuma ka rena ƙaramin aikin da ka samu yau. Ubangiji da ya riƙe bawansa a Girku da Gimi shi ne ya ke riƙe da kai.