MISSISSIPPI JOHN HURT: MAKAƊIN DA AKA GANO TA HANYAR SUNAN GARINSU

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wani makaɗi baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi faifai, duniya ta manta da shi har shekara 35, sa'an nan aka je aka same shi yana kiwon shanu da furfura a kansa. Sunansa John Smith Hurt, amma an fi saninsa da Mississippi John Hurt.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haife shi a shekarar 1893 a wani ƙauye da ake kira Teoc, cikin gundumar Carroll ta jihar Misisifi a kudancin Amurka, amma a Avalon ya tashi, wani ɗan ƙaramin gari da ke kusa da nan. A lokacin ba a cika shekara 30 da haramta bauta a ƙasar ba, domin a 1865 aka yi hakan. 'Yancin kuwa na takarda ne kawai ga yawancin baƙaƙen kudu. Gonaki na hannun Turawa, baƙar fata kuma sai noman kashi-mu-raba: mai gona ya ba ka fili da iri da bashin abinci, in kaka ta yi a raba audugar, a cire bashi daga naka kason. Sau da yawa manomi kan tashi hannu rabbana. Ga kuma dokokin wariyar launin fata da suka raba makaranta, mota da wurin cin abinci.

Cikin wannan hali John ya taso. Bai yi nisa a makaranta ba ya shiga aikin gona. Yana ɗan shekara tara ya fara taɓa jita, ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. Kunnensa ne malaminsa, har ya kai ana gayyatarsa wuraren rawa da bukukuwan ƙauye.

IRIN KIƊANSA

Kiɗan buluz na baƙaƙen kudancin Amurka ne, wanda ya tsiro daga waƙoƙin aikin gona da na baƙin ciki, kuma kowane yanki da irin nasa. A kwarin da ake kira Delta, inda ake manyan gonakin auduga, makaɗa irin su Charley Patton da Son House sukan daki jita da ƙarfi, su ɗaga murya har ta dushe. Avalon kuwa tana bakin wannan kwari ne, inda tuddai suka fara, kuma John bai bi hanyarsu ba. Muryarsa a kwance take, kamar mai hira da maƙwabci a ƙofar gida. Babban yatsansa yana kai da komo a kan manyan tsirkiyoyi yana riƙe da taki, sauran yatsu kuma suna fitar da karin waƙar a kan ƙanana, har mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne ke kiɗan. Bai kuma tsaya ga buluz kaɗai ba, yakan yi waƙoƙin rawa, da na labaru, da na coci.

Ya ɗan taɓa aikin leburan reluwe, inda ya ji yadda ma'aikata ke waƙa suna daidaita bugun guduma. Daga irin wannan rayuwa waƙarsa mai suna Spike Driver Blues ta fito. A cikinta lebura ne ke tuna John Henry, gwarzon da almara ta ce aikin guduma ne ya kashe shi, shi kuma ya ajiye tasa gudumar ya kama hanyar gida tun bai bi sahunsa ba.

FAIFAN 1928

Tun wajen 1923 John yakan raka wani Bature mai goge, Willie Narmour, da jita a wuraren rawa. Da kamfanin faifai na Okeh ya zo neman makaɗa a yankin, Narmour ne ya yi wa wakilinsu, Tommy Rockwell, kwatancen John. A watan Fabrairu na 1928 aka kai shi birnin Memfis aka ɗauki muryarsa, a watan Disamba kuma aka kira shi birnin Niyok aka ƙara ɗauka. Faifan garmaho na wancan zamani wajen minti uku kawai yake ci a kowane gefe. Kamfanin ne ya liƙa masa sunan jiharsu a gaban sunansa don talla.

Cikin waƙoƙin da ya yi a Niyok akwai Avalon Blues, waƙar baƙon da kewar gida ta dama, inda ya ambaci sunan garinsu. A riƙe wannan, domin zai yi rana.

Faya-fayan ba su yi kasuwa sosai ba. A 1929 kuma tattalin arzikin Amurka ya karye, wanda ke neman abin kai wa baki ba ya sayen faifai, kamfanoni suka daina yawon neman makaɗan ƙauye. John ya koma Avalon, ya ɗauki fartanyarsa.

SHEKARU 35 A ƁOYE

Nan ne abin lura yake a rayuwar wannan bawan Allah. Da yawa daga baƙaƙen Misisifi sun yi ƙaura zuwa biranen arewa irin su Shikago, wasu makaɗan suka kama jita mai lantarki suka yi suna. Shi kam ya zauna gida yana noma da kiwo a gonar wani, yana ciyar da iyalinsa, in an yi taro a ƙauye ya yi kiɗa. Babu mai ɗaukar muryarsa, babu mai rubuta sunansa a jarida, amma hannunsa bai manta ba.

Bai san cewa a wani wuri ana ta cigiyarsa ba. A 1952 wani mai tara tsofaffin faya-fayai, Harry Smith, ya fitar da kundi mai suna Anthology of American Folk Music, ya sa waƙoƙin John guda biyu a ciki, Frankie da Spike Driver Blues. Samarin birane, yawancinsu Turawa 'yan jami'a, suka yi ta ƙoƙarin kwaikwayon yatsunsa, alhali da yawa sun ɗauka ya daɗe da mutuwa.

YADDA AKA GANO SHI

A 1963 wasu masu sha'awar kiɗan a Washinton, Dick Spottswood da Tom Hoskins, suka lura da sunan garin da ke cikin Avalon Blues. Garin ya yi ƙanƙanta har sai a tsohuwar taswira aka same shi. Hoskins ya tuƙa mota ya je, ya yi tambaya, aka nuna masa gidan. Tsoho ɗan shekara 70 ya fito, da farko ma ya tsorata, don a Misisifi ta wancan lokaci baƙon Bature da ke neman baƙar fata da suna ba kasafai yake zuwa da alheri ba. Da aka miƙa masa jita, sai ga kiɗan nan na 1928 yana nan daram.

A cikin wannan shekara ya hau dandalin bikin kiɗan gargajiya na Newport a gaban dubban mutane, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗauki waƙoƙinsa masu yawa ya adana, aka kuma buga masa sabon faifai. Ya zauna a Washinton na wani lokaci, ya zagaya jami'o'i, ya fito a talabijin, kamfanin Vanguard ya yi masa faya-fayai. Gano shi ya ƙara wa masu bincike ƙarfin gwiwa, a 1964 aka gano Son House da Skip James su ma. Wannan kuwa ita ce shekarar da aka kafa dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da sanyin hali da fara'a. Ɗaukakar da ta zo masa da tsufa ba ta canza shi ba, birni kuma bai kwanta masa ba.

RASUWARSA

Ya koma jiharsu ya zauna a garin Grenada, ba nisa da Avalon. A nan ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 2 ga Nuwamba, 1966, yana da shekara 73, aka binne shi a maƙabartar St. James kusa da Avalon. Shekara uku kacal ya ci moriyar sunansa. Daga baya jikarsa ta mayar da ɗan gidan katakon da ya zauna a ciki gidan tarihi, amma gobara ta cinye shi a watan Fabrairu na 2024. Waƙoƙin dai suna nan, kuma masu koyon jita a ƙasashe da yawa da salon yatsunsa suke fara gwaji.

Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci, amma kada mu manta cewa haƙurin John ba na son rai ba ne, talauci da wariya ne suka danne shi shekara 35. Akwai makaɗa irinsa da yawa a kudancin Amurka da suka mutu ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya saki baiwarsa, bai kuwa sake ta ba. Abin da ya sa aka same shi kuma shi ne, ranar da ya sami kansa a babban birni, bai ji kunyar faɗin sunan ƙauyensu ba.